Ranar da Malam Ya Rufe Ƙofar Zaure

Wata Alhamis ce cikin bazara, shekarar da nake aji uku a firamare, dutse ya fasa mini goshi a gindin mangwaron ƙofar gidanmu a Dogarawa. Maza suna jifa, mu mata muna tsintar abin da ya faɗo. Ban ga mai jifan ba. Na dai ji ƙau, sai jini ya rufe mini ido.

Tun kafin a kawo ruwan wanke ciwon, magana ta zaga gida wai Rahila ce. Rahila ƙawata ce, 'yar Baba Yohanna mai gyaran keke, Kiristoci ne daga kudancin Kaduna da ke haya a ɗakunanmu na waje. Tare muke jan ruwa a rijiya, tare muke carafke har a kira mu surfe. Baffa Lawal, ƙanin babana, dama ya daɗe yana neman dalilin tashinsu. Ya fito yana kumfar baki, yana rantsuwa ba za su kwana a gidan ba. Wallahi kukan da na yi a lokacin na Rahila ne, ba na ciwon ba.

Kakanmu, Malam, yana zaure da ɗalibansa, dattawa masu karatun fiƙihu. Ya rufe littafi, ya sa aka tattaro yaran kaf aka shigo da su, ya tura ƙofa. "Kada babba ya ce wa yaro ko uffan," in ji shi, "har kai, Lawal." Uwar Rahila tana tsaye a waje. Malam ya riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙuryar zaure, yana tambayarsu a hankali inda kowa ya tsaya da abin da ke hannunsa. Duk bakinsu ya zo ɗaya: Rahila tana durƙushe kusa da ni, hannunta cike da mangwaro. Mai jifan Sani ne, ɗan Baffa, ɗan lelen Malam da ke riƙe masa buta.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya dubi ɗansa Lawal ya ce, "Ka je ƙofar Yohanna ka nemi gafara, a gaban waɗanda suka ji rantsuwarka." Baffa ya je, kansa a ƙasa. Su Rahila ba su bar gidan nan ba sai bayan aurenta.

Sai da na girma na karanci shari'a na gane abin da tsohon ya yi. Malamanmu na da sun yarda a saurari yara kan raunin da ya auku a tsakaninsu, amma da sharaɗin ba su watse ba, kuma babba bai riga ya sa musu magana a baki ba. Ashe manya aka rufe wa ƙofar.

Yanzu a Sabon Gari magana takan tashi a waya da hantsi, kafin azahar an rufe shaguna, an yanke wa mutum hukunci ba wanda ya tambayi wanda ya gani. Duk ranar da haka ta faru nakan shafa tabon goshina, kewar Malam ta kama ni. Ƙofar tana nan, mai rufe ta ne babu.