Tokar Yaya Ilu

Duk wanda ya taɓa alwala a ƙofar gidanmu na Samaru ya san Yaya Ilu ba ya barin ruwa ya taɓa ƙasa. Kana tsugunawa da buta sai ka ga kwano a ƙarƙashin hannunka, mutum tsaye a kanka kamar ɗan sanda. Kana idarwa ya kwashe ya kai wa bishiyoyinsa. Liman ma bai tsira ba. Ran nan ya wanke hannu sau uku, zai ƙara na huɗu, Yaya ya riƙe butar ya ce, "Malam, naka uku ne. Na huɗun nan na magaryata ne."

Ni ce Talatu, ƙanwarsa. Ban yi boko ba, 'yata ce ke rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta tausasa mini magana, don raina a ɓace yake. Ku yi dariyarku, amma ku ji ni har ƙarshe.

Direba ne, kun sani. Wata ƙungiya ta masu bincike ta ɗauke shi ya tuƙa su zuwa hamada, can gaba da Agadas. Ya tafi lafiya lau, ya dawo da buhu da sabon hali. Muka zagaye buhun muna zaton dabino ne. Ashe iri ne! Gero mai saurin nuna, guna, aduwa, da wasu ciyayin da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Na ce, "Yaya, ina tsarabarmu?" Ya ce, "Ga ta nan. Bayan shekara goma ki zo ki sha inuwa."

Daga nan ƙungiyar ta shiga zagaya makarantu, ana nuna wa yara hotunan tafiyar, ana koya musu kula da itatuwa da dabbobi. Aikin Yaya ya ɗauko akwatuna ya koma mota. Ina! A wata makaranta a Hanwa ya leƙa ya ga ana ta turanci, yara na gyangyaɗi. Sai ya shiga, ya sa hannu a aljihu ya ciro bushiya mai rai, ya ajiye a kan tebur. Malamar ajin ta haye benci tana ihu, "Baba, fitar da abin nan!" Ya ce, "Malama, ita ma koyarwa ta zo. Kunama take cinye mana. Ke me kike cinye mana?" Ranar babu yaron da ya sake rufe ido.

Sai maganar Oga Emeka mai walda a Muchia, da ya tashi sare tsamiyar gaban shagonsa. Yaya ya ji labari ya hau keke. Kafin masu gatari su iso, yana can bisa reshe da butarsa, tsoho da furfura! Emeka yana roƙo, "Baba, don Allah ka sauko, ka fi ƙarfin wannan!" Ya ce, "Ka fara tambayar tsuntsayen nan ko sun sami wani gida. In sun tashi, na tashi." Har la'asar. Matar Emeka ce ta aika masa da abinci a igiya. Tsamiya tana nan, kuma ranar da Yaya ya rasu, Emeka ya fi mu kuka.

To, ga abin da ya sa na ce a rubuta. Irin nan a tukwanen ƙasa yake ajiye shi, cakuɗe da toka. Ni nake tankaɗe masa tokar daga murhuna, shekara da shekaru. Yana shukawa a bayan gida, ya girbe, ya sabunta. Yakan ce, "Talatu, toka ce rigar iri. In kika tuɓe masa, ƙwari sun sami tuwo."

Bayan an yi arba'in sai ga mutanen ƙungiyar su uku, da fararen takalma. Wai za su kai irin nan makarantu a nuna wa yara da sunansa. Na ji daɗi, na ba su tukunya bakwai. Na ce da babbansu, "Ɗan nan, kada ku raba shi da toka." Ya yi murmushi ya ce, "Mama, kada ki damu, mu akwai yadda muke adanawa." Suka je suka tankaɗe, suka wanke wai datti, suka zuba a kwalabe.

Da aka gayyace ni taron nuna wa yara irin, na ga kwalabe jere suna ƙyalli, kowace da takarda a goshinta. Na ɗauki ɗaya na girgiza. Gari! Ƙwari na yawo a ciki kamar ranar kasuwa, wata kuma ta yi funfuna. Na ce, "Me aka rubuta a nan?" Aka ce, "Geron hamada." Na ce, "Ku goge, ku rubuta ƙwarin Samaru." Yara suka kwashe da dariya. Ni kuwa idona ya cika. Abin da mutum ya raya tun daga hamada, ku masu ilimi kun kashe shi cikin wata uku, don kun ga tsohuwa ce ta faɗa!

Jiya sun dawo, kai a ƙasa, sun ji akwai sauran tukunya biyu a ƙarƙashin gadona. Na ce ko murfin ba za su gani ba. In yara suke son koyarwa, su bari ruwa ya sauka su kawo su bayan gida, kowane yaro ya shuka da hannunsa. Shi kuma babban nasu ya zo da rariya ya zauna gaban murhu, in koya masa tankaɗe toka. Ya ce ya yarda. Za mu gani.

Yaya, ka yafe mini, ni na miƙa musu da hannuna. Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka kabari, ya sanyaya maka shi. Ya Allah, biyun nan da suka rage, ka tsirar da su. Amin.