Ledar da ta kusa cinye mani gamana

A wajenmu, can gefen Gangara, in an kawo mace gidan miji sai a yanka mata ɗan fili daga gonar gidan, shi ne gamana. Abin da ta noma a ciki nata ne, ta sayar, ta yi biki, ta saya wa ɗiyanta sabulu, ba mai tambayarta. Amma fa filin aro ne. Ranar da mai gida ya ga ba ya kawo komai, yana iya maida shi cikin gandu, kuma ba wanda zai ce ya yi zalunci.

Tawa gamanar ta yi mani halacci a shekarun farko. Daga baya sai ta fara rowa. Hatsi ya fito kamar zai yi abin kirki, ya kai gwiwa, sai ya yi ja ya tsaya. Ni kuwa ba raguwa ba ce, kowa ya sani. Duk rani sai na tsaya a kan mai gida har ya ɗaura amalanke ya kwashe mani jujin gida zuwa can. Haka muka tarar iyaye suna yi: shara, toka, kashin awaki, ƙaiƙayi, duk taki ne. Gandu shi ke samun kashin shanu, ni juji ne rabona, kuma har gori nake yi wa matan unguwa cewa nawa ya fi na kowa tudu.

Wata kaka da aka ɗaure mani hatsina, dammunan ko gindin amalanke ba su rufe ba. Mai gida ya dube su, ya dube ni.

"Ke, wurin nan ya mutu. In baɗi ma haka ne, zan haɗe shi da gandu."

"Ya mutu? Ni da ke ciyar da shi duk shekara?"

"To, kin dai ji."

Wallahi ranar ko tuwo bai shiga cikina ba. Washegari na ɗauki hauya na nufi gonar, ba don aiki ba, don in sami abin da zan huce a kansa. Na sari tushen kara ɗaya na tumɓuko shi, sai ga baƙar leda ta naɗe saiwoyin tam. Na tumɓuko na biyu, leda. Na uku, ledar ruwa ce a kwance ƙarƙashinsa, saiwoyin sun zo kanta sun lanƙwashe sun rasa hanya. Innalillahi! Na durƙusa ina tono da hannu. Ga ta gishiri, ga ta garin sabulu, ga ta mai, wasu sun shekara da shekaru a ƙasa amma ko gezau. Jujin da iyayenmu suka sani yana ruɓewa ya zama ƙasa. Namu na yanzu rabinsa leda ne, mu kuma muna ta kwasa muna kai wa gona da sunan taki.

Ranin nan kaf a tsince-tsince na yi shi. Buhu ya cika in kawo gida, in wanke masu ƙwari in tufka igiyar ɗaure awaki da su. Amma ana tsinta a gona ana zubawa a gida, ai ɗiban ruwa da rariya ke nan. Sai na kafa doka: leda ba ta ƙetare zaurena.

Ranar kasuwa na fita da kaya kamar mai ƙaura. Kwandon kaba a ka, a ciki butali, wato kwalba, na man gyaɗa, gwangwani mai murfi na gishiri, kwanon sha na nama, ƙwarya da faifai na nono. Mai tebur ya auna mani gishiri ya ja leda, na miƙa mashi gwangwani.

"Haba Hajiya, ledar kyauta ce fa."

"Riƙe kyautarka, ɗan nan. Na ga abin da take ci."

Matan unguwarmu kuwa suka samu abin yi. "Ga kakarmu ta dawo daga lahira da kayanta!" Na ce masu eh, kuma ta ce in gaishe ku. Dariyar ta yi mani ciwo, ba zan ɓoye ba, amma in na tuna kalmar "zan haɗe shi da gandu" sai in ƙara gyara zaman kwandona.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, Bafillatanar da ke sayar mani da nono. Da ta ga ƙwarya ta saki ledar da ta riga ta buɗe, ta dube ni.

"Ƙawa, Allah shi yi maki albarka. Bara karsanata ta rame, ta bar cin abinci. Da aka yanka, cikinta duk wannan abin ne."

Ta cika mani ƙwaryar har baki, ta ƙara ludayi ɗaya. Daga ranar in ta hango ni sai ta fara kiran maƙwabtanta su ga mai ƙwarya, har wasu masu sayen suka fara zuwa da nasu kwanukan.

Mai gida ne ya fi ba ni wuya. Namiji da kwando a kasuwa? Ya ce ko a mafarki. Sai ya shigo da tsire a leda, in tare shi a zaure in juye a kwano, in jefa ledar a buhun da na rataya don irinta, da ledojin magani da sauran waɗanda ba makawa. Ya ce na zama jandarma a ƙofar gidansa. Na ce ai gara jandarma da marar gona. Ana nan, wata la'asar ya shigo yana tafiya a karkace, hannu ɗaya cikin riga. Ashe ɗan kwano mai murfi ne ya ɓoye tun daga gida, kada abokan hirarsa su gani. Na karɓa na ce sannu da zuwa, na shiga ɗaki na yi dariyata a can.

Jujin shekarar nan bai yi tudu ba. Ƙarami ne, baƙi, mai laushi, in ka damƙa sai ya marmashe. Da aka kai shi gona gabana ya faɗi, don gani nake bai isa komai ba. Ruwa ya sauka muka yi shuka. Hatsi ya kai gwiwa, inda ya saba tsayawa, kuma a daidai lokacin ruwa ya ɗauke na ɗan lokaci. Kullum da safe sai na je na tsaya ina kallonsa ina addu'a. Ganyen ya ɗan nannaɗe, amma bai yi ja ba. Da ruwa ya dawo sai ya miƙe ya wuce ƙugu, ya wuce kaina.

Ba zan yi ƙarya in ce na cika rumbu ba. Gefen gabas, inda ban gama tsincewa ba, har yanzu da sauran rauni. Ranar girbi mai gida ya zo da amalanke, ya zagaya gonar yana dubawa. Ni kuwa ina tsaye, na shirya faɗa na kuma shirya kuka, ban san wanda zai riga fitowa ba. Ya fara loda dammuna, na miƙa mashi, ya ɗora, har ya hau sama ya ja igiya ya ɗaure. Sannan ya nuna gefen gabas da haɓa.

"Baɗi ki sa wake a can, zai gyara maki wurin."

Baɗi. Na ce to, na juya baya kamar ina gyara ɗankwali, don kada ya ga idona.