Rikodar Yaya da Keken Ɗinkina

Shekarar da na sa dillaliya ta nemo mai sayen kekena, Yaya yana ajin ƙarshe a jami'a. Mulkin farar hula bai daɗe da dawowa ba, ni ma ban daɗe da gama sakandare ba. Jarrabawar shiga jami'a ba ta yi mini kyau ba, sai Mama ta kwashi adashinta ta saya mini keken ɗinki, baƙi mai feda. Muka kafa shi a bakin tagar ɗakinmu a Agege ta Legas, inda in jirgin ƙasa ya zo wucewa almakashi ke rawa a kan tebur. A nan aka haife ni, a nan aka haifi Baba, Allah ya ji ƙansa. Kakanmu ne ya zo da fataucin goro ya zauna. Kano kuwa sau ɗaya aka taɓa kai ni ina ƙarama, abin da na riƙe kawai shi ne yara suna dariyar Hausata.

Ranar da abin ya faru na je kasuwar Jankara sayen shafi da zif. Ashe gari ya rikice tun safe, ban sani ba. A hanyar dawowa wasu samari suka tare danfon da muke ciki, ƙaramar bas ɗin haya, da sanduna da fasassun kwalabe. Suna leƙowa ta taga suna yi wa kowa magana da Yarbanci, su ji da wane baki zai amsa. Na amsa, don Yarbanci a bakina yake tun ina rarrafe. Dattijon da ke kusa da ni bai iya amsawa ba. Aka sauke shi, direba ya ja mota. Takalminsa ɗaya ya rage a ƙarƙashin kujera, yana ta gogar ƙafata har muka iso Agege. Ban san abin da ya same shi ba. Ko yanzu da na rubuta wannan sai da na ajiye biro na tashi na sha ruwa.

A gida cewa kawai na yi an tare mu amma mun wuce. Daga ranar na daina fita. Keken ma na daina hawa, saboda ƙararsa tana hana ni jin abin da ke faruwa a titi, ni kuwa kunnena kullum yana titi. Ta taga nake ganin mutane suna ɗaure kaya suna bin tirelolin shanu da ke komawa Arewa. Masu sayen kayan hannu suka cika unguwa, fanka, katifa, talabijin, duk abin da suka taya ake sallama musu. Ni ma na ƙudura zan sayar da keken in yi kuɗin mota, in tafi wajen ƙanwar Baba a Kano, wadda ko fuskarta ba na iya tunawa sosai.

Dillaliyar unguwarmu, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta zo ta juya kan keken ta ce za ta samo mai saye, amma kar in sa ran ko rabin kuɗinsa. Na ce ko nawa ne. Mama tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Naki ne," ta ce. "Ni dai ba inda za ni. Kabarin ubanku yana garin nan."

Ranar Asabar Yaya ya dawo daga makaranta da wata rikoda da ya aro, da kaset-kaset a cikin leda. Muna cin burodi da wake da rana, ya ga keken a lulluɓe da zane, ya ci gaba da cin abincinsa. Na san Mama ta riga ta gaya masa.

"Wannan kuma waƙa za ka fara?" na tambaye shi.

"Aikin kammala karatu ne, Auta. In ban yi shi ba, ba digiri."

Tattalin arziki yake karantawa, amma abin da ya zaɓa ya rubuta a kai shi ne yadda halin da zuciya ke ciki yake juya hannun mutum a harkar kuɗi. Ya ce yawancin littattafansu sun ɗauka mutum zama yake yi ya auna riba da hasara kafin ya saya ko ya sayar. Amma akwai wani malaminsu da ke cewa su fita kasuwa su duba da idonsu. Wani kunya ce ke sa shi sayen abin da ba ya so, wani ganin kowa yana yi ne. Mai jin tsoro kuwa, gobe ba ta cikin lissafinsa sam, yau kawai yake son ya tsallake.

"Sai an je jami'a ake sanin wannan?"

"Sani daban, a rubuta a ba ka maki daban," ya ce, ya ɗauke mini ɓangaren burodin da na fi so.

Matsalarsa ita ce maza sun ƙi ba shi abin rubutawa. Duk wanda ya tambaya me ya sa ya karyar da kayansa, sai ya ce ƙaddara ce, ya juya zancen zuwa siyasa. Mata kuwa, su ne suka sayar da kayan ɗaki, amma ba shi da hanyar zuwa wajensu. A Agege ba mu da zaure, ɗakunan haya ne suna kallon juna, labulen ƙofa shi ne iyaka. Namiji baligi ba ya ɗaga labulen matar wani, ko da ita ta yi masa wankan jarirai.

"Ke za ki shigar mini," ya ce.

"Yaya, ba na fita."

"Layin bayanmu ne kawai. Ni zan kai ki bakin ƙofa, in tsaya a wajen mai shayi har ki fito."

Na girgiza kai. Sai ya duba ko Mama tana kallo, ya janye ƙafar wandonsa ya nuna mini safarsa. Akwai kuɗi a naɗe a ciki.

"Na motar Kano ne," ya ce a hankali. "Tun ranar nan nake yawo da su. Jiya da yunwa na wuni a makaranta, ban taɓa su ba. Ni mai rubuta littafin ke nan. Ban ce kar ki sayar da kekenki ba, wallahi ban ce ba. Ki dai taimake ni kafin ki tafi."

Washegari da hantsi na sa mayafi. Daga ƙofarmu zuwa layin baya ba nisa, amma wani ɗan okada da ya taka birki kusa da mu sai da na riƙe rigar Yaya. Bai janye ba, bai kuma dube ni ba, ya ci gaba da koya mini: jan maɓallin nan da na kusa da shi ake dannawa tare, tambaya kuma ɗaya ce, me kika sayar, me ya sa, yanzu yaya kike gani.

Wajen Hajiya matar mahauci ya kai ni, ƙawar Mama ce, tana sayar da zoɓo da kunun aya. Na same ta tana ɗaura su a leda tana jefawa cikin kula. Ta dubi rikodar ta gyara ɗaurin ɗankwali, kamar hoto za a ɗauke ta.

"Wato yanzu 'yan jami'a za su ji muryata? Oya, danna. Ki ce musu firizata na sayar."

"Me ya sa, Hajiya?"

"Me ya sa? Ke ba a garin kike ba? Firiza tana shiga tirela ne? Oga, maigidana, yana kwata, ba labarinsa tun safe, yara suna kuka. Wani ya zo ya taya, ko ji ban yi da kyau ba na ce ɗauka. Muka tafi Zariya wajen 'yan uwansa. Kwana biyu ana ina wuni, ina gajiya, daga nan aka fara ƙirga mana loma. Muka tattaro muka dawo."

"Firizar fa?"

Ta fashe da dariya har da dukan cinya. "Tana can bakin titi wajen mai shagon lemo! Kullum da safe nake aikawa a sayo mini ƙanƙara daga cikinta. Tawa! Har tabon da na yi mata da wuƙa yana nan a murfi. In na wuce sai in gaishe ta."

Ni ma na yi dariya, rabona da ita tun kafin Jankara. Na tambaye ta ko ta yi nadama, don ita ce tambayar da Yaya ya fi so. Ta daɗe tana ɗaure leda ɗaya.

"In rana ta take, ƙanƙara ta narke, zoɓo ya yi tsami, ina yi. Amma a ranar nan ko kyauta aka ce in bayar, zan bayar, in dai zan ga yarana a cikin mota. Ki gaya wa yayanki kar ya rubuta mu a wawaye. Ya rubuta dai ba wanda ya ce mini, Hajiya, zauna ki sha ruwa tukuna. Kowa gudu yake." Sai ta kafe ni da ido. "Ke kuma an ce kekenki za ki sayar. Abi ƙarya ne?"

Na buɗe baki in ce kuɗin mota nake nema, sai na ji ina ba ta labarin danfon. Ban kai ko wajen samarin ba ta miƙo hannu, jiƙe da zoɓo, ta danna maɓallin da kanta.

"Wannan ba na jami'a ba ne," ta ce. "Ci gaba."

Na gaya mata duka, har takalmin. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta ce ya wuce ba. Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, zanenta yana ƙanshin citta da kanumfari, tana ta yi wa dattijon addu'a, in yana raye Allah ya mai da shi ga iyalinsa, in ya riga mu Allah ya sa ya huta. Ina cewa amin ina kuka. Ashe abin da nake so ke nan, wani ya yi masa addu'a da babbar murya.

Da na tashi tafiya ta jawo akwati ta fito da atamfa sabuwa, ankon sunan jikarta.

"Riga da zane, hannu mai faɗi. Kafin Juma'a."

"Hajiya, ai na ce miki keken..."

"Na ji. Ki gama nawa, sannan ki sayar. Ko ni ma za ki mai do mini da kaya?"

Ba a mai da wa babba ɗinki, balle ƙawar uwa, balle anko. Ta miƙe tsaye ta ware hannuwa, ba tef a jikina, da igiyar ledar zoɓo na auna ta ina ƙulla alama.

Yaya yana wajen mai shayi, ya ga idona ya ga atamfar, ya karɓi rikodar kawai. A gida ya saurari kaset ɗin yana rubutu yana dariyar gaisuwar firiza. Da ya zo inda muryata ta fara rawa aka yanke, sai ya kashe, ya zare kaset ɗin, ya tambaye ni ko gobe zan iya shiga ɗaki biyu. Na ce sai na ga yadda ɗinki ya yi.

Na yaye zanen da ke kan keken, na ɗiga masa mai. Layin farko ya tafi a karkace, na farke. Ina yi ina tsayawa in saurari titi, ba komai sai kwandasta yana kiran fasinja da mai gyaran takalmi yana buga akwatinsa. Shafi ya ƙare mini, ban iya tunanin Jankara ba, na aiki Yaya ya sayo a nan Agege da tsada. Ya ce wannan ma zai sa a littafinsa, harajin tsoro. Na ce ya fara da safarsa.

Ana jibi suna, Gwaggo dillaliya ta yi sallama, ta ce ta samo mai saye, yana bakin titi da ɗan dako, yau yake so ko ya fasa. Na ɗage ƙafata daga feda. Tsoron bai tafi ko'ina ba, har yau ban sake shiga danfon Jankara ba, kuma Kano tana nan a raina kamar ƙofar da aka bari a buɗe. Amma rigar Hajiya tana ƙarƙashin allura, hannu ɗaya a haɗe, ɗaya a yanke, kuma wata maƙwabciyarta ta riga ta aiko da nata ankon.

"Gwaggo, da kayan mutane a kai."

"To bayan suna?"

Na dubi Mama. Ta ci gaba da yankan kuɓewa kamar ba a ɗakin take ba.

"Ki ce masa albarka," na ce. Muryata ta fita ƙasa ƙasa, sai da na maimaita.

Gwaggo ta tafa hannu. "Kai, 'ya'yan Legas! Ku sa tsohuwa ta zaga Agege a ƙasa, sannan ku ce albarka. La'adata fa, wa zai biya?" Ta leƙa waje ta yi wa mutumin magana da Yarbanci, ta dawo ta zauna a bakin gado tana fifita da gefen mayafi. Can ta ɗaga hannu ta nuna mini hammatar rigarta, ta ɓarke har ana ganin shimi.

"Tunda kin hana ni ci, kama mini nan. Kuma ko sisi ba zan ba ki ba."

Mama ta miƙa mata zane ta ɗaura. Na zare rigar Hajiya daga ƙarƙashin allura, na canza zare zuwa shuɗi.