Ranar da Na Shiga Ɗakin Inna Mai Kitso da Inji

Assalamu alaikum, Edita. Lokacin da abin nan ya faru ni magidanci ne mai 'ya'ya uku a wani ƙauye kusa da Dawakin Tofa. Gonar gidanmu mu bakwai mahaifinmu ya raba wa, rabona kuwa in ka tsaya a wannan gefen kana iya yi wa na wancan gefen raɗa. Da rani ba ni da sana'a sai latsa waya a gindin darbejiya. A wayar na ga Turawa suna yawo a bakin teku da wani inji mai kama da sanda da faifai a ƙasa, in ya yi ƙara su tona yashi su ciro zoben gwal. Na ce mu ba mu da teku, amma muna da busasshen rafi da kowa ke ratsawa a ƙasa, domin mota ba ta iya yashinsa. Na sayar da tumakina biyu, na sayi tsohon inji a hannun wani da ya dawo daga haƙar zinare.

Wata biyu ina tono murfin lemo da ƙusoshi, har abokan wasa suka sa mini suna mai sharar rafi. Mahaifina malami ne, ya kira ni ya gaya mini cewa tsintuwa ba ta zama tawa sai na yi cigiyarta a masallaci da kasuwa tsawon shekara. Na gwada sau ɗaya da ɗan kunne wari guda, mata uku suka aiko cewa nasu ne, alhali kunnen da ya yar da shi ɗaya ne. Daga ranar na daina cigiya, na ce wahalata ba ta banza ba ce.

Bayan wani biki da aka yi a tsallaken rafi, injin ya yi wata irin ƙara a mashigi. Na tona, sai ga sarƙar gwal mai ganye uku, an ɗaure maƙullinta da jan zare. Ban gaya wa ko matata ba. Washegari na shiga birni na sayar, na dawo da buhunan taki da shinkafa, ina tafiya kamar wanda ya dawo daga Hajji.

Kwana biyu sai zance ya cika gari. Wata Hajiya da ta zo bikin daga Kano ta ce ta cire sarƙarta a gidan Inna mai kitso, tun daga nan ba ta sake ganinta ba. Inna tsohuwa ce da mijinta ya rasu, kitson ne cinta da shanta, ita ce ma ta yi wa matata kitson amarci. Ta rantse cewa a gabanta Hajiya ta ƙulle sarƙar a bakin mayafi ta fita. Da na ji an ambaci ganye uku da jan zare, na gane sarƙar da na sayar ce. Na san a rafi ƙullin ya kwance, amma na ja bakina na yi shiru.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni mai unguwa ya aiko wa in zo da inji a duba ɗakin Inna. Na je. Na tarar da ita zaune a bakin ƙofa, mata sun cika tsakar gida. Da ta gan ni sai fuskarta ta saki, ta kira ni ɗanta, ta roƙe ni in duba ko'ina da kyau domin injina ne zai wanke ta. Ina zagayawa ina addu'ar kada ya yi motsi, sai ya yi ƙara a ƙarƙashin gadonta. Aka fasa daɓen, aka ciro gwangwanin madara, a ciki munduwar azurfa ta mahaifiyarta ce da take ɓoye wa jikarta. Babu sarƙa, amma mutane suka ce mai iya binne wannan ta iya binne wancan. A nan ya kamata in buɗe baki. Na tuna takin da na riga na saya da kuɗin sarƙar, na kuma tuna mutuncin mahaifina, na saɓa injina na fita.

Mata suka daina kai mata kai. Masu zuwa ma sai sun cire 'yan kunne a gida. Kafin kaka ta tattara ta koma wurin 'yarta a Bacirawa. Geron da na noma da takin nan ya yi kyau ƙwarai, amma ban taɓa cin tuwonsa da daɗi ba.

Sai bayan damina biyu na yi ƙarfin halin zuwa neman gafararta. 'Yarta ta fito zaure ta ce mini wata guda ke nan da rasuwar Inna. Ta ƙara da cewa har ta kwanta ciwo tana sa mini albarka, tana cewa duk garin ni kaɗai ne shaidarta, tunda injina bai ga sarƙa a ɗakinta ba. Na durƙusa a zauren nan na faɗi gaskiya. Ba ta zage ni ba, ta dai ce in je in faɗa a inda aka ɓata sunan uwarta. Na faɗa bayan sallar Juma'a, a gaban mahaifina, aka yi ta Allah ya kyauta, kowa ya watse.

Edita, na ga matasa sun fara sayen irin injin nan, shi ya sa na rubuto. Ban ce sana'ar haramun ba ce. Amma duk abin da ya yi ƙara a cikin yashi daga jikin wani ya faɗo, kuma wataƙila ana can ana tuhumar wanda bai ji ba bai gani ba. Ku yi cigiya ko da mutum goma za su zo da ƙarya. Ni na yi tawa, amma bayan an binne wadda take jiran ta ji.