Garin da Na Gina a Kan Tabur

Ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba, a Magariya ba mu da shi. Amma akwai tasha a ɗakina, da layin dogo da ya zagaye ta, da gidaje bakwai, kuma duk wanda ya ce a kwashe su, to sai ya fara kwashe ni.

Abin ya faro ne shekarar da maigidana ya kwanta. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, har bayan ya ajiye aiki kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci, ni ma haka. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi bayan girbi, ya tafi da hannunsa na dama, ya nauyaya masa harshe. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana magana gaban allo ya koma daga i sai a'a, ya juya fuska bango. Likita ya ce a riƙa sa shi motsa hannu, a riƙa jan shi da hira. Na ja, na ja, har ni ma bakina ya mutu.

Ana nan sai ƙanensa da ke kasuwanci a Kano ya aiko da wani kwali. Wai a kayan gwanjo ya tsince shi, ya tuna Mushe ya sha ba su labarin jirgin da ya shiga zuwa Nguru yana saurayi. A ciki akwai ɗan jirgi mai aiki da pil, wato batir, da guntayen dogo, da gidaje na roba waɗanda ba a haɗa ba: bango daban, rufi daban, tagogi ƙanana kamar farce, sai an yanko kowane da reza. Takardar bayanin ba Faransanci ba ce, don haka hotuna na bi.

A kan tabur ɗin da Mushe ke gyaran takardun ɗalibai a da na haɗa gidan farko. Kwana biyu ya ci mini, tsakanin girki da wanki. Rufinsa mai tsini, irin na ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, kamar yadda muka gani a littafi muna kolej. Na kai masa a tafin hannu. Ya daɗe yana juya shi da hagu, sannan ya ce, kalma na jan kalma da ƙyar:

"Ba zaure. Baƙo sai ya faɗa kan mata?"

Wata huɗu ban ji magana mai tsawon haka daga bakinsa ba. Na zagaya bayan ɗaki na yi kukana, na gode wa Allah, na dawo da almakashi.

Daga ranar na kife hoton da ke jikin kwalin. Na yanka katanga, na yi wa kowane gida zaure. Robar kuwa sai ƙyalli take, kamar gidan da ba a taɓa hura wuta a cikinsa ba, don haka na ɗebo ƙasa a tsakar gida, na tankaɗe da rariya, na kwaɓa da ƙullun koko don ta kama, na yaɓe bangayen kamar yadda muke yi kafin damina. Ya yi kyau ƙwarai, na kwana biyu. A rana ta uku tururuwa suka gano cewa unguwar nan abinci ce. Na tarar sun cinye zaure biyu, suna kan tasha. Mushe ya yi dariya da rabin bakinsa har da tari. Sai na koma ƙaro, in jiƙa shi ya narke in kwaɓa da shi, shi ba ruwan tururuwa da shi. Farar ƙasa da bular wanki su ne fentina, gashin zabuwa kuma shi nake shafawa da shi. Na gina masallaci da kwali, Mushe ya dube shi ya nuna gabas da haɓa, sai da na kira maƙwabciya muka juya tabur ɗin gaba ɗaya ya dubi alƙibla.

Akwai 'yan mutum-mutumi a kwalin, masu huluna da jakunkuna. Zuciyata ba ta kwanta da su ba, a ɗakin nake salla. Na zuba su a gwangwanin madara na rufe. Garin ya zauna ba kowa, na ce duk sun tafi gona.

Mushe ya fara tasowa da sandarsa ya zauna bakin tabur, yana ba da umarni kamar mai duba aiki. Wata rana na danƙa masa gashin zabuwa a hagu, na tura masa kaskon bula.

Sai yayarsa ta zo daga Bande, a taksi, ranar kasuwa. Ita ta goye shi yana jariri, ina jin nauyinta kamar na suruka, tunda na shigo gidan ban taɓa musa mata ba. Ta gaisa da shi, ta yi masa addu'a, sannan idonta ya sauka kan tabur.

"Wannan kuma fa? Da ma abin da ake faɗa gaskiya ne?"

"Me ake faɗa, Yaya?"

"Wai matar Mushe ta koma wasan ƙasa. Mace da jikoki. Mijinki a kwance, ke kina ɗakin 'yar tsana. Ki ɗaure mini garin nan, in tafi wa yara da shi Bande, su ya dace da su."

Na sunkuyar da kai, na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, yana ɗebe masa kewa."

"Kewa addu'a ke ɗebe ta da rubutun sha. Wa ya taɓa warkewa da jirgin roba?" Ta matsa kusa, ta miƙa yatsa. "Kuma ma da aikin kirki ne. Dubi wannan katangar, kamar kaza ta taka bula ta bi ta kai. Ko ɗan yaye ya fi wannan hannu."

Katangar tashar ce, shuɗin ya karkace, ya ɗiga har kan dogo. Kwana biyar Mushe ya yi yana shafa ta, gumi na tsattsafo masa, gashin na faɗuwa ina ɗauko masa. Na ga ya janye hannunsa na hagu yana cusa shi ƙarƙashin riga, fuskarsa ta fara komawa bango, inda na sha wuya kafin in juyo da ita.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsaya tsakaninta da tabur, na kamo hannun nan na fito da shi. Bula ta shiga ƙarƙashin faratansa, ta ƙi fita ko da alwala.

"Yaya, ga mai katangar. Abin da duk kika ce a gidan nan na yi, kuma zan yi. Ki ce in ba ki tukunyata, sai in wanke in ba ki. Amma ko tsinke ɗaya ba zai bar kan tabur ɗin nan ba. Masu magana kuma su ci gaba, baki nasu ne, ba su suka zauna wata huɗu da shiru ba."

Ban matsa ba. Ta dubi hannun ƙanenta, ta dube ni. Ba ta ba ni haƙuri ba, ba halinta ba ne. Ta gyara mayafi ta ce ashe na yi baki, ta fita tsakar gida ta zauna a tabarma. Da na kai mata fura ba ta sha ba, kuma har ta koma Bande washegari ba ta sake shiga ɗakin ba. Har yau gaisuwarmu a taƙaice take, abin yana damuna, ina kuma roƙon Allah ya daidaita mu.

Bayan ta fita na ce wa Mushe ko in gyara inda ya ɗiga. Ya girgiza kai.

"Bar shi," ya ce. "Kawo farar ƙasa. Saura zauren liman."

Na kawo.