Katin Jirgin Hajiya Inno

Ku da kuka fara koyon aiki a shagon Kawu Murtala wannan hutun, kun tambaye ni abin da ya sa ba na karanta takardar mutane da ƙarfi. Akwai wata rana da har yanzu ba ta fita daga raina ba, ita ce dalili.

Lokacin ina aji biyar a sakandare, hutun bayan Ƙaramar Salla ne, kuma sati na uku ke nan da fara zama a shagon nan na bakin tashar Tambuwal. Aikina shi ne fotokwafi da haɗa takardu. Kawu ne mai buga wasiƙu. Ni ba na magana sai an tambaye ni, amma ina kallon komai.

A ajinmu akwai Nafisa, 'yar Alhaji Sani mai sayen hatsi. A azumin shekarar ta raka kakarta, Hajiya Inno ta Kebbe, zuwa Umra. Da ta dawo, kwana biyu kawai ta yi a makaranta kafin a ba da hutu, amma sun ishe ta. Ta ce a gaban jirgi suka zauna, kujera tana kwanciya kamar gado, an ba su tawul mai ɗumi su goge hannu. 'Yan aji suka kewaye ta. Ni ina can baya ina yi kamar ina rubutu, alhali ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba. Na fi ta maki a kowane darasi, amma iyakar tafiyata Sakkwato.

Innata ta ɗauke ni muka hau babur zuwa Kebbe yi wa Hajiya barka da dawowa. Mun same ta a kan tabarma, ƙafarta ta dama a miƙe, gwiwar ta kumbura. Tana raba tsaraba yadda aka saba: dabino, ɗan zamzam a kofi, da kwalli a ƙulle cikin guntun takarda. Da wani kati mai kauri take ɗebo kwallin. Da aka zo kaina takardun sun ƙare, sai ta naɗe sauran kwallin a cikin katin ta miƙo mini.

A gida na juye kwallin, na goge katin da gefen hijabina. Katin shiga jirgi ne. Ga sunan Hajiya, ga Jidda, ga lambar kujera, arba'in da fuɗu. Na daɗe ina kallonsa. Sannan na ɗauki jan biro na rubuta sunana ƙarƙashin nata, Lubabatu Umar, da kyakkyawan rubutu. Na ɓoye shi a littafin lissafina. Kusan kullum sai na buɗe.

Wata ranar kasuwa da hantsi Alhaji Sani ya shigo shago, Nafisa na biye da shi riƙe da jakar takardu. Ta ce mini sannu da aiki, da irin muryar da ake gaida mai shara. Alhaji ya zauna ya yi wa Kawu bayani. Saboda ciwon gwiwar mahaifiyarsa ya sayar da buhunan gero ya saya mata kujerar gaba, inda ake miƙe ƙafa. A tafiya an ba ta. A dawowa kamfanin ya canza jirgi, aka ce gaba ta cika, aka kai tsohuwa can baya kusa da banɗaki. Ba ta ce wa kowa uffan ba, don a ganinta wanda ya fito daga Ɗakin Allah ba ya buɗe baki da ƙorafi. Sai da gwiwar ta hana ta tsayuwar salla sannan ya ji labarin.

Ga yadda ake wannan aikin, don ku sani. Idan an sauke mutum daga kujerar da ya biya zuwa ta ƙasa da ita, yana da haƙƙin neman a mayar masa da bambancin. Abu uku ake haɗawa: rasit na tikiti, wanda ke nuna abin da aka saya, katin shiga jirgi, wanda ke nuna inda aka zauna a zahiri, da gajeriyar wasiƙa. Ana ɗaukar hotonsu a tura ta shafin koke na kamfanin, su kuma su ba da lambar koke. Shafin wannan kamfanin ba ya karɓa idan babu katin, kuma kwanakin da suka ware sun kusa cika.

Aka zazzage jakar. Ga rasit, ga fasfo, ga katin Nafisa. Kawu ya ɗaga shi ya karanta lambar kujera, hamsin da biyu, ya tambaya ko ita ma sauke ta aka yi. Alhaji ya yi dariya ya ce ina, ita dama kujerar baya ya saya mata, tafiya da dawowa. Nafisa ta sunkuyar da kai. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi har cikin ƙashina.

Katin Hajiya ne babu. Aka kira Kebbe a waya, tsohuwa ta ce ita ba ta san wani kati ba. Alhaji ya fara mayar da takardu cikin jaka yana cewa shi ke nan, Allah ya sa haka ya fi alheri.

Littafin lissafina yana ƙarƙashin injin fotokwafi. Idan na yi shiru, na tashi da nasara a kan Nafisa, babu wanda zai sani. Idan na fito da shi, za ta ga jan biron, kuma kafin a koma makaranta kowa ya ji. Na tuna gwiwar nan a kan tabarma. Alhaji ya riga ya kai bakin ƙofa lokacin da muryata ta fito.

"Baba Alhaji, yana wurina."

Kawu ya karɓi katin, ya juya shi, ya dubi yatsunsa da suka yi baƙi da kwalli. Na ga idonsa ya tsaya a kan sunana. Fuskarsa ba ta motsa ba. Nafisa ce ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Luba, yaushe kika tafi Jidda ba mu raka ki tasha ba?"

"Ranar da aka ba ki tawul mai ɗumi," na ce, ni kaina ban san daga ina maganar ta fito ba.

Kawu ya tashi daga kujerarsa ya ce in zauna. A karon farko ni na buga wasiƙar, yana faɗa ina bugawa. A ƙarshe ya sa na ƙara layi ɗaya: rubutun jan biro da ke kan katin na wata yarinya ce a gida, ba shi da alaƙa da tafiyar. Na buga shi, muka ɗauki hoton takardun muka tura, Alhaji ya tafi da katin.

Bayan sati bakwai da imel uku na tuni, kamfanin ya biya. Hajiya ta aiko Nafisa da katin a cikin ambulan, da saƙo: "Ki ce ma ɗiyar nan ta aje, sunanta na bisa. Allah shi kai ta." Nafisa ta isar da saƙon ba tare da ta dube ni ba. A makaranta ba ta faɗa wa kowa ba, ni ma ban faɗa ba.

Abin da na koya shi ne, duk takardar da aka kawo shagon nan akwai abin da mai ita ba ya so a gani a cikinta. Ku karɓa, ku yi aikinku, ku bar fuskarku yadda Kawu ya bar tasa. Katin yana nan cikin littafina. Kuma har yau, idan jirgi ya wuce ta saman Tambuwal, ina tuna cewa ko a kujera ta hamsin da biyu ne, Nafisa dai ta shiga.