Mai Sharar Hanyar Kagoma

A tashar da ake lodin Kagoma da Kwoi a Kafanchan, in ka ce Gershon kake nema, sai an tsaya tunani. In ka ce Mai Shara, har mai tallan gyaɗa za ta nuna maka shi. Gajeren dattijo ne mai furfura a gemu, kullum yana jingine da wata farar bas da aka rubuta wa Zumuntar Mata a goshi. Ba shi da fara'a, ba ya hira. Sunan ma ba na yabo ba ne, direbobi ne suka laƙaba masa don su ga ya fusata. Bai fusata ba, sunan ya bi shi.

Ɗan ƙauyen Madakiya ne. Ubansa ya so ya riƙe shi a gona, shi kuwa tun yana firamare ƙarar mota ke ɗauke masa hankali. Da ya gama ya bi wani direba mai suna Ishmael, mai jigilar citta daga ƙauyuka, ya zama yaron motarsa. Motar tsohuwa ce, ba ta gama hawa tudu sai ta huta. In ta mutu a hanya, Gershon ne zai dira ya tokare taya da dutse, sannan ya sari rassan itace ya jera a kan kwalta gaba da baya, don mai zuwa ya gane akwai mota a tsaye. Haka kowa ke yi har yau. Inda Ishmael ya bambanta shi ne, in mota ta tashi ba ya tafiya sai yaron ya koma ya kwashe dutse da ganye ya zubar a daji. In ya bar ko reshe ɗaya, ya sha ranƙwashi. Bai taɓa gaya masa dalili ba. Ishmael ya daɗe da rasuwa, amma halin bai bar Gershon ba.

Da nasa kaɗai yake kwashewa da ba wanda ya damu. Na wasu ma kwashewa yake yi. Direbobinmu in motarsu ta tashi, murna ce ke ɗibarsu, su bar dutse kamar kan mutum a tsakiyar titi, su bar ganye ya bushe a wurin har akuya ta ƙi shi. Gershon in ya hango, sai ya gangara gefe, ya kashe mota, ya fita ya kwashe. Ko mota cike take da fasinja. Ko ana ruwa.

"Direba, gwamnati ta ɗauke ka shara ne?" in ji fasinja.

"In kana sauri ga hanya nan," haka yake cewa, ya ci gaba da abin da yake yi.

Bas ɗin ba tasa ba ce. Matan zumunta na cocinsu ne suka haɗa hannu suka saya, suka ba shi makulli. Ranakun mako ya yi lodi a tasha, ranar taro ko biki ko jana'iza ya kwashe su. Da wannan makullin ya aurar da 'yarsa Hellen, da shi ya yi wa ɗakinsa rufin kwano. Mutumin da furfura ta cika masa gemu, in aka karɓe makulli a hannunsa, ba wanda zai ba shi wani. Ya san haka, matarsa Martina ta fi shi sani.

Ita ce ke shan labarin hanya kowace yamma, don a gida kaɗai bakinsa ke buɗewa. Yau mai tifa ne ya wuce shi a kan kwana ba ya ganin gabansa. Gobe 'yan acaɓar Gidan Waya ne, sun ɗora ɗalibai uku a babur ɗaya, na ƙarshe a kan ƙarfe, mai tuƙin yana waige yana hira. Akwai mai tsayawa a tsakiyar titi ya gaisa da surukinsa har ya tambayi lafiyar aladu. Akwai mai sa siginar dama ya juya hagu. Akwai 'yan rakiyar amarya da ke cin hanya gaba ɗaya, sun kunna fitilu da rana, kamar aure ya hana mutuwa. Akwai mai waya a kunne, sitiyari a hannu ɗaya, ɗaya hannun a waje yana zagin wanda bai yi masa komai ba.

"Baban Hellen, su duk suna kaiwa gida da wuri," in ji Martina. "Kai ne mai hankali, kai ne na ƙarshe. Tuwo ya huce, ci."

Ba Martina kaɗai ta gaji ba. Uwar zumunta, Mama Hulda, tsohuwar malamar firamare ce, mace mai jiki da murya, wadda ba ta son a ce mata jira. Sau da yawa Gershon ya kai su taro an riga an yi addu'ar buɗewa. A wani biki sun isa amarya ta riga ta fito daga coci, waƙar da suka yi sati suna koyo a mota suka rera ta. Fasinjojin tasha ma in suka ga layinsa ne, wasu sai su ce za su jira ta baya. Ga kuma Azariya, ɗan ɗaya daga cikin matan, saurayi mai lasisi, wanda ake cewa kafin ka gyara zama ya kai ka Kwoi.

Wata Lahadi bayan sujada Mama Hulda ta tare Gershon a bakin ƙofar coci.

"Baba Gershon, ba zan ɓoye maka ba. Mun zauna. Ranar Asabar za ka kai mu taron Fadan Kagoma, in mun dawo ka ba ni makulli."

"Na yi laifi ne, Mama?"

"Ba ka sata, ba ka shan burkutu, ba ka taɓa kayar da mu ba. Amma direba muka ɗauka, ba tsintsiya ba."

Ya ce to. Da ya gaya wa Martina ta ce ya je ya roƙa, ya yi alkawarin ya daina. Ya ce in ya yi alkawari ƙarya zai yi, kuma a ƙofar coci.

Asabar ta zo cikin tsakiyar damina. Ciyawa ta yi tsawo har tana leƙa titi. Mata suka cika bas cikin zanen zumunta iri ɗaya, da tulun kiɗa da gora, suna waƙa tun daga cikin gari. Gershon ya yi niyyar yau kam ba zai tsaya ba, ko don a rabu lafiya. Bai yi nisa ba ya hango dutse da busassun rassa a kan titi, a ɓangaren da yake bi. Ƙafarsa ta taka birki kafin ya yi shawara da ita.

"Kun gani ko?" in ji Mama Hulda. "Ko a ranarsa ta ƙarshe."

Kafin Fadan Kagoma akwai gangara mai kwana, wadda in ka sauko ba ka ganin abin da ke gabanka sai ka karya. Suna karya kwanar injin ya yi tari, ya yi shiru. Gershon ya murɗa makulli, ba komai. Gefen titi rami ne da ruwa ya zaizaye, babu inda zai raɓa. Bas ta tsaya a kan hanya, bayanta ga kwana.

Matan ba su taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Ku sauka! Kowa ya hau tudu! Ku bar jaka!"

Suka sauka suna mita saboda taɓo. Ɗaya ce ba ta iya ba, Kaka Afiniki, wadda ta girmi kowa a zumunta, ƙafafunta sun kumbura, sai da mutum uku suka ɗaga ta aka sa ta a kujerar baya da safe. Mama Hulda da wasu mata biyu suka koma ciki suna fama da ita. Gershon ya zaro addar da ke ƙarƙashin kujerarsa, ya tokare taya, ya haura gangara da gudun da bai san yana da shi ba. Yana sara yana jefawa a kwalta, ɗanyen reshe bayan ɗanyen reshe, har ya wuce kwanar da nisa.

A nan ya ji ƙarar. Tirela ce, ta yi lodin masara, tana saukowa.

Gershon ya san direbobi. Ya san yadda suke taka ganye su wuce ba tare da sun rage ba, don sun saba ganin ganye babu mota. Ya ɗaga adda yana kaɗawa, amma ciyawa ta fi shi tsawo. Bai yi doguwar addu'a ba. Yesu kawai ya ce.

Sai ya ji ta sauke giya. Tun daga reshen farko ta fara rage gudu, iskar birki na fita fus, fus. Ta wuce shi tana gunji, ta karya kwana tana ja da ƙyar, ta tsaya. Tsakanin hancinta da gilashin bayan bas, mutum zai iya wucewa amma sai ya karkace. Kaka Afiniki na ciki, tana kallon lambar tirela ta taga.

Direban ya diro, wani dogo mai hula, ana ce da shi Lawal. Shi ma ya jawo dutse ya tokare tayarsa, sannan ya taho yana faɗa.

"Wa ke da wannan akwala? Iya, ku gode wa Allah! Wallahi da wata hanya ce da ban ɗaga ƙafa ba. Ganye nawa muke takawa a rana?"

"To me ya sa ka ɗaga, ɗana?" in ji Mama Hulda. Ɗankwalinta ya zame, ba ta ma sani ba.

"Hanyar nan daban ce, Iya. Mu masu manyan motoci mun sani, in ka ga ganye a nan to akwai mota. Tsohon ganye ba ya kwana a kanta. An ce wani mahaukacin direba ne ke bi yana tsincewa, ba shi da aikin yi."

Daidai nan Gershon ya iso yana haki, adda a hannu, wando duk ƙaya.

"Ga mahaukacin nan a bayanka," in ji Mama Hulda.

Lawal ya waiga, ya kalli addar, ya cire hula ya mayar. "Baba, a yi haƙuri. Baki ne."

"Ka rage gudu, ya wadatar," in ji Gershon. "Na gode."

Da gaske yake godiyar. Ya kama hannun Lawal da hannu biyu, abin da bai saba yi wa kowa ba. Shekara da shekaru yana zagin direbobi a gaban Martina, bai taɓa tunanin akwai wanda ya lura ba, balle ya gaya wa na bayansa.

Lawal ya leƙa injin tare da shi, suka samu waya ce ta batir ta kwance. Suka ɗaure, bas ta tashi. Lawal ya karɓi addu'ar mata da dafaffiyar gyaɗa, ya hau tirelarsa, ya ɗan ja baya, ya kauce, ya danna hon ya tafi.

Dutsensa na nan a tsakiyar titi inda ya bar shi.

Gershon ya yi ajiyar zuciya ya nufi wurin. Mama Hulda ta riga shi. Ta tattare zane, ta sunkuya da ƙyar, ta mirgina dutsen har ya faɗa rami.

"Ɗan banza," ta ce, tana kakkaɓe hannu. "Yanzu ya gama ba mu labari. Ku kuma me kuke kallo? Ku haura ku kwaso ganyen nan."

Mata cikin zanen zumunta suka haura gangara suna jan rassa. Sun isa Fadan Kagoma an gama wa'azi, shinkafa ta ƙare, sai kunu suka samu. Ba wadda ta yi mita. Kaka Afiniki ma ta ce ita ba ta ga abin tashin hankali ba, ta sha ganin motocin da suka fi wannan girma a rayuwarta.

Da yamma suka dawo Kafanchan. Gershon ya sauke su a harabar coci, ya rufe tagogi, ya zare makulli ya miƙa wa Mama Hulda. Ta dube shi, ta dubi makullin.

"In yi me da shi? Ni na iya tuƙi?"

"Kin ce in mun dawo, Mama."

"Na san abin da na ce. Ran Litinin ka kai ta wurin makanike ya duba wayoyin nan duka, don sakacinka ne. Kuma daga yau in taro na safe ne, da asuba za mu tashi, tunda sai ka yi shara. Maman Azariya ni zan yi magana da ita."

Maman Azariya ta yi wata guda ba ta gaida Gershon. Azariya ya samu wata motar, yana gudu yadda ya saba, Ubangiji ya kiyaye shi. Direbobi ba su canja ba, har yanzu suna barin dutse, suna wuce mutum a kan kwana, suna kiran Gershon Mai Shara. Matan zumunta ma ba su daina mita ba in ya gangara gefe. Sai dai yanzu wadda ke kusa da ƙofa ita ke sauka ta taya shi, don a yi sauri.

A daren wannan Asabar ɗin Martina ta ga makulli a inda ya saba rataye shi, a ƙusar bayan ƙofa. Ta ɗumama tuwon, abin da ta daina yi tun da daɗewa, ta ajiye a gabansa.

"To, wa ya ɓata maka rai yau a hanya?"

"Wani mai tirela," in ji Gershon, yana wanke hannu. "Allah ya yi masa albarka. Ya bar dutse."